Kana sauraron masu kuɗi, amma ka san ribarka?

Tambaya: Malam, kayan waya nake sayarwa. Kullum ina cikin sauraron fodkas na kasuwanci da zuba jari, kuma sun buɗe mini ido. Yanzu ina so in cire rabin jarina in zuba a kirifto da hannun jarin kamfanonin fasaha. Waɗanne shirye-shirye ka fi so, in ƙara a kan nawa? Ban cika rubuta ciniki ba, amma na san ina samu.

Amsa: Ɗan'uwa, jimlarka ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. Da me ka san kana samu? Wanda ba ya rubutu, rabin jarinsa ma bai san nawa ba ne, balle ya cire shi.

Akwai wani mai sayar da takalma da ya zo mini bayan ya yi irin abin da kake shirin yi. Da muka zauna lissafi, sai muka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake kira jari bashi ne a hannun mutane, wani kason kuma kaya ne da suka kwana suka tashi ba mai tambayarsu. Kuɗin da ya kwashe, ashe su ne kaɗai masu juyawa. Da lokacin saro kaya ya yi, abin da ya zuba ya faɗi, ya sayar da asara, dilan da ke ba shi kaya bashi kuma ya daina. Ba kirifto ne ya fara karya shi ba, rashin littafi ne.

Shirye-shirye kuwa, ina da waɗanda nake so. Planet Money, wanda kafar rediyon Amurka ta NPR ta fara a 2008 lokacin rikicin kuɗi na duniya, gajere ne, zai fahimtar da kai hauhawar farashi da kuɗin ruwa ba tare da ya ce ka sayi komai ba. Wanda na fi ba ka shawara shi ne Acquired na Ben Gilbert da David Rosenthal. Sukan ɗauki kamfani ɗaya su yi awa uku ko huɗu suna feɗe shi. Nemi wanda suka yi a kan Costco, kamfanin manyan kantuna na Amurka. Kamfanin ba ya ɗora sama da kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari a kan kaya, amma kayan ba sa zama, kuma ya san abin da kowane ɗaya ke kawowa. Wannan darasin shagonka ne kai tsaye. A fannin fasaha akwai Hard Fork na New York Times. Ka ɗauke shi labarai kawai.

How I Built This na Guy Raz yana da daɗi, amma ka saurare shi da hankali. Waɗanda suka tsira kaɗai ake gayyata. Za ka ji Sara Blakely ta kafa Spanx, kamfanin tufafin ciki na mata, da dala 5,000, ba za ka ji muryar dubban da suka fara da irin wannan suka rufe ba. A Amurka kanta, kusan rabin sababbin sana'o'i ba sa wuce shekara 5.

Kuma duk shirin da ya yaba maka wata manhajar zuba kuɗi a tsakiyar hira, talla ce, an biya shi. Dandalin cinikin kirifto na FTX ya sha yabo iri-iri kafin ya rushe a Nuwamban 2022 da kuɗin jama'a. Warren Buffett, da duk sunansa a harkar zuba jari, ribarsa tun 1965 kusan kashi 20 cikin ɗari ce a shekara. Wanda ya yi maka alƙawarin haka a wata ɗaya, kashe shirin.

Kada ka taɓa jarin nan tukuna. Ka yi wata uku kana rubuta abin da ka saro da abin da ka sayar, wanda ya ci bashi, da abin da ka ɗiba don gida, komai ƙanƙantarsa. Ka ƙirga kayan shago a farko da ƙarshen kowane wata. In riba ta fito fili, ka ware kashi 10 cikin ɗari nata, daga riba ba daga uwar kuɗi ba, sannan ka sake rubuto mini da alƙaluman mu duba inda ya dace ka sa su.