Su wa ke haɗa manhajojin Debian?

Tambaya: Malam don Allah manhajojin nan da nake saukewa da apt (abin sauke manhajoji da girka su) a Debian (wani tsarin aikin kwamfuta na Linux), wai su wa ke shirya su, biyansu ake yi? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa galibinsu 'yan sa-kai ne wallahi, tun da Ian Murdock ya kafa Debian a 1993 haka ake tafiya. Mutum zai ɗauki manhaja ya kula da ita, ya ƙulla ta a fakitin deb (irin ƙunshin da ake girka manhaja da shi a Debian), in sabo ne sai wani tsohon hannu ya duba aikin kafin ya ɗora masa, daga nan ta shiga unstable (rukunin sabbin manhajoji), ta wuce testing (rukunin gwaji), sai an gyara matsaloli ta kai stable (tabbataccen rukunin da ake fitarwa ga jama'a). Ubuntu ma, wani tsarin Linux ɗin, daga guminsu take ɗiba, sun cancanci godiya sosai.