Tambaya da Amsa: Sarki, Ɗan Siyasa ko Soja, Wa Ya Cancanci Biyayya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Wunti nan Bauchi, kullum bayan isha'i sai mun tafka musu a teburin mai shayi. Ni nace mai martaba ba wanda ya jefa masa ƙuri'a amma in ya fito hawan sallah kowa jinjina yake, shi kuwa ɗan siyasar da muka sha rana a layi muka zaɓa wani sa'in har ihu ake masa a unguwarsu, ga kuma sojojin Nijar da suka kifar da Bazoum mutane suka cika titi suna murna. To a cikinsu wa keda haƙƙin a bi shi? Kuma batun nan wai mulki na jama'a ne, gaskiya ne ko daɗin baki?

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Bari in fara da abinda ka fini sani. Wanda ya tare ka a daji da bindiga yace kawo kuɗi zaka bashi, mai rasit ɗin haraji ma in yazo shago zaka bashi kana ƙunƙuni, amma a ranka kasan ba ɗaya bane, na farko ƙarfi kawai gare shi, na biyu kuwa ka yarda akwai hukumar da ta aiko shi. Wannan yardar ita masana ke kira halaccin mulki.

Wani Bajamushe mai suna Max Weber yace ta hanya uku ake samunta, gado da al'ada, ko kwarjinin mutum shi kansa, ko doka. Ba sai kaje Jamus ba, tarihin garinku ya ishe ka. Malam Yakubu ba gadon sarautar Bauchi yayi ba, almajirin Shehu Usmanu ne da ya karɓo tuta, jama'a suka bi shi saboda malanta da jarumta, haka Buba Yero a Gombe. Bayansu abin ya koma gado. Turawa suka zo 1902 da bindiga suka ce daga yanzu su ke bada sanda, yau kuma gwamna ke badawa, shiyasa kaga a Kano gwamna ɗaya ya tuɓe Sarki Sanusi a 2020 wani gwamnan ya dawo dashi a 2024. Kotu da 'yan doka da gidan yari da a da suke hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, sojoji sun karɓe tuntuni, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, tsarin mulkin 1999 kuma bai ware wa sarakuna wani iko ba. Don haka biyayyar da ake wa sarki ta girmamawa ce da sulhu, kuma in faɗa maka tsakani da Allah, wani ɓangare na farin jinin nan saboda ba shi ke riƙe da baitulmali bane, a bashi biyan albashi da rabon taki na shekara biyu mu ga ko jinjinar zata kai haka.

Soja kuwa ni ban yarda murnar titi mubaya'a bace. An yi murna a Disambar 1983 da Buhari ya ture Shagari, aka sake yi a 1985 da Babangida ya ture Buharin, waɗanda suka zauna a gida suna baƙin ciki wa ya ƙirga su? Kuma babu ranar da aka sa maka da zaka ce masa ya isa haka. Ku da kabarin Tafawa Balewa ke garinku ai ba sai an baku labarin juyin mulkin Janairun 1966 ba.

Saura ɗan siyasa, anan tambayarka tafi ciwo. A takarda dai gaskiya ne, sashe na 14 na tsarin mulki yace iko na jama'ar Najeriya ne, daga gare su gwamnati ke samun duk hurumin da take dashi. Amma shi kansa kundin gwamnatin soja ta Abdulsalami ce ta fito dashi da dikiri, ya buɗe da "mu jama'ar Najeriya" alhali ba wanda ya tambaye ni ko kai a ƙuri'ar raba gardama. Duba kuma zaɓen shugaban ƙasa na 2023, sama da mutum miliyan 93 suka yi rajista, wanda yaci ya samu ƙuri'a miliyan 8.8, waɗanda suka fito gaba ɗaya basu kai kashi 30 cikin ɗari ba, cikinsu ma kasan nawa ne taliya da atamfa suka kawo layi. To halaccin yana nan amma ramamme ne wallahi.

Duk da haka in kace lallai sai na zaɓa, zaɓaɓɓen nake cewa a bi a harkar gwamnati, ba don yafi su kirki ba, don cikin ukun nan shi kaɗai ne yake da wa'adi kuma doka ta baka hanyar korarsa. Ba ma sai shekara huɗu ta cika ba in ɗan majalisa ne, akwai kiranye, sashe na 69 na 'yan majalisar tarayya, na 110 na 'yan majalisar jiha, sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar ƙorafi, INEC ta tantance sannan ayi ƙuri'a. Da wahala kam, wanda aka gwada kan Dino Melaye a Kogi a 2018 tun wajen tantance sa hannu ya wargaje. Gwamna da shugaban ƙasa kuma ba kiranye a kansu sai dai majalisa ta tsige.

Ka gaida min mutanen teburin, in na shigo Wunti shayina a kanka.