Tambayi Likita: Sanƙarau ya tafi da jin ɗana, wai sai an dasa masa na'ura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, ya aiki ya haƙuri da mu. Dan Allah yarona ne ɗan shekara uku ya yi sanƙarau da zafin nan da ya wuce, Allah ya tashi kafaɗunsa muka dawo gida, to tun daga nan sai a yi ta kiransa ko waiwaye ba ya yi, da mun ɗauka miskilanci ne, yanzu wata biyu kenan har 'yar maganar da ya iya ta fara kakkaryewa. An gwada an ce kunnen duka biyu sun tafi, kuma wai abin ji na maƙalawa ba zai masa ba sai wanda ake dasawa da tiyata. Kakarsa ta ce a bari ya girma kunnen zai buɗe da kansa. Mene gaskiyar abin?
Wata uwa daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. A ba Hajiya Kaka haƙuri, amma wannan karon jira shi ne babban haɗarin, bari ki ji dalili.

Can cikin kunne bayan dodon kunne akwai wani ɗan ƙashi a nannaɗe kamar katantanwa, zagaye biyu da rabi, cike da ruwa, a cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi wajen dubu 15, su ne ke juya sauti ya koma saƙon lantarki jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Su ne sanƙarau kan kashe, kuma in suka mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa aka ce miki abin maƙalawa ba zai yi ba, shi aikinsa ƙara ƙarfin sauti ne kawai, kamar ki ƙure rediyo ne a ɗakin da ba kowa.

Ita na'urar dasawa kewaye matattun ƙwayoyin take yi ta je ta taɓa jijiyar kai tsaye. Kashi biyu ce. Akwai na ciki wanda ake sa wa ƙarƙashin fata a bayan kunne, da wata siririyar waya mai bakin lantarki tsakanin 12 zuwa 22 gwargwadon kamfani, da ake zurawa cikin katantanwar. Sai na waje da ake rataya wa a kunne, yana ɗaukar magana ya aika ciki ta wani ɗan faifai da maganaɗisu ke riƙe wa a jikin kai. Wani likita ɗan Ostareliya, Graeme Clark, a bakin teku ya ɗauki katantanwa ya yi ta tura mata ganyen ciyawa har ya gano irin laushin da waya za ta yi ta bi lanƙwasar, a 1978 ya dasa wa wani mutum a Melbourne. Kin ga abin ba na jiya ba ne. A Amurka tun 1990 aka amince a sa wa yara 'yan shekara biyu, a 2020 aka sauko har wata tara.

To ga inda sanƙarau ya bambanta da sauran. Kumburin da yake haddasawa kan sa ruwan cikin katantanwar ya fara zama tsoka, daga nan ya daskare ya koma ƙashi, kuma wannan yana iya farawa cikin 'yan makonni. In ramin ya toshe ina za a zura wayar? Wani a samu rabi ta shiga, wani kuma a rasa hanya gaba ɗaya. Saboda haka wata biyun nan da kika ambata ba kaɗan ba ne, ki tashi a satin nan ki nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ki ce musu a fili bayan sanƙarau ne, a yi masa hoton cikin kai da ake kira CT da MRI a ga halin da ramin ke ciki.

Abu ɗaya da ke gefenku, yaron ya taɓa ji ya taɓa magana, ƙwaƙwalwarsa ta san hanya, irinsu sun fi saurin kamawa in an yi da wuri.

Amma kar in yaudare ki. Ba a fitowa daga tiyata a ji yaro ya ce Mama. Sai an jira sati biyu zuwa huɗu wurin ya warke kafin a kunna, ranar kunnawa kuma yara da yawa kuka suke fashewa da shi su fizge abin su jefar, don manyan da aka sa wa sun ce da farko sautin kamar rediyon da bai kama tasha ba ne. Sai an yi ta komawa ana saiti a kwamfuta, ana zama da mai koyar da magana, ke kuma a gida bakinki bai huta ba, kina wanke-wanke kina faɗa masa sunan kofi da cokali. Sannan kuɗi. Maganar miliyoyi ake, don da dala ake sayo ta, kuma bayan tiyata akwai batir, akwai wayar da yara ke tsinkewa, akwai na wajen da ke tsufa. Na ga gidan da aka tara gudummawa aka yi dashen lafiya lau, bayan shekara biyu wata 'yar waya ta lalace na'urar ta koma cikin durowa. Ku tambayi wannan lissafin tun kafin a shiga ɗakin tiyata, ku kuma tambayi allurar rigakafin da ake wa mai dashe.

Kuma ko za a yi ko ba za a yi ba, ku fara maganar hannu da shi yau, ba ta hana koyon magana da baki, barin yaro ba yare ko ɗaya shi ke cutar da shi. Makarantar Tudun Maliki a Kano ta daɗe tana koyar da yara kurame.

TAMBAYA: Salam likita. Na sayo wa Baba abin ji a kasuwa da tsada wallahi, kwana uku ya yi da shi ya cire ya ce fito kawai yake masa a kunne kuma ƙarar babur kamar za ta fasa masa kai, maganar mutane kuma har yanzu bai ganewa. Jabu aka sayar min ko kuwa?
Ɗan'uwanku daga Maraɗi

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri kan kula da mahaifi. Wataƙila ba jabu ba ne, amma kamar ka sayo masa tabarau ne ba a gwada idonsa ba. Kurumtar tsufa ba duka sauti take ɗauke wa ba, siraran sautuka take fara ci, irin su s da f da sh da ts, shi ya sa tsoho zai ce maka ina jin ka amma ban gane ba. Na kasuwa komai yake ƙarawa, babur da injin markaɗe da maganar jika duk ɗaya, alhali ƙarar babur dama yana jin ta. Na asibiti sai an sa shi a ɗaki shiru an auna kowane kunne, a fitar da takardar awo, sannan a saita na'urar a kanta.

Fiton kuma sautin ne ke zillowa ta gefen robar ya koma cikin makirfon, irin dai kukan lasifikar masallaci in ladan ya matso da ita kusa. Ko robar ta masa kaɗan, ko datti ya toshe kunnen. A fara duba dattin nan, na sha ganin dattijo an cire masa kawai ya ce ku daina min ihu. Ban da tsinken ashana ko gashin kaza dan Allah.

In an samu wanda ya dace, ya fara da awa biyu uku a cikin gida, yana ƙarawa a hankali, ƙwaƙwalwar da ta shekara goma cikin shiru sai ta yi makonni kafin ta saba. Ya riƙa cirewa lokacin alwala da wanka. Batirin ma akwai dabara, in ka ɓare 'yar takardar da ke bayansa ka bar shi kamar minti ɗaya ya sha iska kafin ka sa, da iska yake aiki, kuma da zarar an ɓare ya fara ƙarewa ko ba a sa shi ba. A ɓoye shi nesa da jikoki, haɗiye shi ko cusa shi a hanci maganar asibiti ce nan take.

TAMBAYA: Likita 'yata shekara biyar an ce ruwa ya taru bayan dodon kunnenta za a sa mata wani ɗan bututu, ni tsorona kar a fasa mata dodon kunne ta kurumce.
Wata baiwar Allah daga Zariya

AMSA: Kwantar da hankalinki Hajiya, ruwan ne ma ke rage mata ji yanzu, kamar wanda ya toshe kunne da yatsa. Bututun bai kai ƙwayar shinkafa ba, ana ɗan tsaga dodon kunnen a zuƙe ruwan a sa shi don iska ta riƙa shiga, aikin minti goma sha biyar ne haka, yawanci ranar ake sallama. Galibi ba a yi sai an ga ruwan ya wuce wata uku bai tafi ba, don sau da yawa da kansa yake bushewa, ki tambaya ko an yi wannan jiran. Bayan wata shida zuwa shekara dodon kunnen ke turo shi waje da kansa ramin ya haɗe, wata rana ma a kan filo za ki tsince shi. Kaɗan ne ramin ke ƙin rufewa sai an liƙe. Ki kiyaye ruwan sabulu wajen wanke mata kai, auduga da ɗan basilin ta isa, in kuma kin ga kunnen na zubar da ruwa ki mai da ita a ba ta maganin ɗigawa, kar a ɗiga man zaitun ko wani haɗin gida, don yanzu ƙofar a buɗe take har ciki.