Me ya sa shamfen ta fi sauran tsada?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ina hidimar baƙi a wani otal a Wuse II. Ran Asabar wani baƙo ya ce in kawo shamfen, na kawo masa Prosecco tunda ita ma tana kumfa. Ya mayar da ita, manaja kuma ya wanke ni tas a gaban jama'a. Ni ba na shan giya, ina zan san bambancinsu? Kuma me ke cikinta da kuɗinta ya kai haka? Bulus, Abuja.

Amsa: Sannu ƙanena. Manajanka bai kyauta ba, koyar da kai ya kamata ya yi tun ranar da ya ɗauke ka. Amma baƙon yana da gaskiya.

Shamfen daga wuri guda take fitowa, yankin Champagne da ke gabas da Paris, wajen garuruwan Reims da Épernay. Dokar Faransa ta shata iyakar gonakin a 1927, kimanin hekta 34,000. Prosecco kuwa 'yar Italiya ce, a manyan tankuna ake tayar mata da kumfa, shi ya sa take da sauƙin kuɗi.

Tsadar shamfen ta aiki ce da jira. Da hannu ake tsinkar inabin, doka ta hana inji. Bayan ruwan ya zama giya, sai a ɗura a kwalba, a ƙara sukari da yis, a toshe. Iskar da yis ɗin ya tayar ba ta da mafita, sai ta narke a ciki, ita ce kumfar. Daga nan kwalbar za ta kwanta a ramukan alli na ƙarƙashin ƙasa aƙalla wata 15, ta inabin shekara guda zalla kuwa shekara 3. Wasu ramukan na Reims tun zamanin Romawa aka haƙa su, kuma a 2015 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya.

Wurin da ya fi burge ni shi ne fitar da guiɓin yis. Wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata kamfani, Madame Clicquot, ita da ma'aikatanta suka huda tebur wajajen 1816, suka riƙa soka kwalabe kai a ƙasa. Kullum a ɗan murɗa kowace, a ɗan ƙara karkata ta, har guiɓin ya taru a wuya. A yau daskarar da wuyan ake yi, a buɗe, guiɓin ya yi tsalle waje. Za ka ji ana cewa Dom Pérignon, malamin cocin da ya rasu a 1715, shi ya ƙirƙiro kumfar. Ba haka ba ne, gwanintarsa a gauraya inabin gonaki daban-daban take. Duk wannan aiki da jiran ne ya sa raina ke ɓaci in na ga ana girgiza ta ana fesa wa mutane a wuraren biki a Maitama.

Kafin ka ɗauko kwalba, duba takardar jikinta, dole ka ga an rubuta Champagne. Sa ta a bokitin ƙanƙara da ruwa na minti 20 zuwa 30. Ƙarfin iskar cikinta ya ninka na tayar mota kusan sau 3, saboda haka kada ka saita bakinta ga fuskar kowa. Da zarar ka kwance wayar ƙarfen da ta ɗaure toshiyar, kada babban yatsanka ya bar kan toshiyar. Karkata kwalbar, ka riƙe toshiyar gam, ka murɗa gindin a hankali har ta fita ba tare da ƙara ba.