Amsa ga ɗan koyo kan sanarwar da ke katse aiki a kwamfuta

Ɗana, ka tambaye ni yadda za a yi da saƙonnin nan da ke ɓullowa a kusurwar dama ta ƙasan allo kana tsakiyar aiki, ka kuma ce kana ganin a kashe su baki ɗaya kowa ya huta. Na ji daɗin tambayar, domin ta nuna ka fara lura da abin da ke cin lokacinka, amma ban yarda da shawarar taka ba. Maigadin da ya san aikinsa ba ya garƙame ƙofa ya hana kowa shiga, sai dai ya tantance wanda zai wuce da wanda zai jira, kuma haka nake so ka yi da waɗannan saƙonni.

Damuwar gaskiya ce. Ka tuna lokacin da kake buga wa ɗalibi kundin bincikensa, idonka yana kan layin alƙaluma, sai saƙon WhatsApp ya leƙo tare da ƙara. Ko ba ka buɗe shi ba, idonka ya riga ya bar takardar, kuma in ka dawo sai ka laluba inda ka tsaya, wani lokacin ka tsallake layi guda ba ka sani ba, sai bayan an fitar da takardu a firinta mai aiki ya gano. A 2008, Gloria Mark ta Jami'ar California da ke Irvine da abokan aikinta sun wallafa binciken da ya nuna cewa waɗanda ake katsewa sukan ƙara sauri domin su cike giɓi, amma suna ƙarewa da ƙarin gajiya da takaici. A sana'armu gaggawa irin wannan ce ke haifar da kuskure, kuskure kuwa asarar takarda ce da tawada da amincin mai kawo aiki.

Sanarwar daga wurare uku take fitowa: Windows kanta, manhajojin da aka saka, da shafukan intanet ta hanyar burauza, wato manhajar shiga intanet irin su Chrome. Ka fara da na ukun, domin nan ne ɓarnar ta fi yawa. Mutum zai shiga shafin sauke waƙa ko kallon ƙwallo, a ce masa ya danna Allow kafin ya ci gaba, shi kuwa ya danna ba tare da ya san ya ba shafin izinin aiko masa da saƙo a kowane lokaci ba. Daga nan sai a fara turo masa tallar caca da hotunan banza, da gargaɗin ƙarya cewa cuta ta kama kwamfutarsa, har da tambarin wani sanannen kamfanin riga-kafi domin ya tsorata ya danna. Sau da yawa ana kawo mana irin wannan a ce a goge komai a sake saka Windows, alhali kwamfutar lafiyarta ƙalau. Ka dubi gargaɗin da kyau, za ka ga sunan burauza da adireshin wani shafi a jikinsa da ƙananan haruffa, kuma wannan ya isa ya nuna maka ba daga riga-kafi ya fito ba. A Chrome, ka shiga Settings, sai Privacy and security, sai Site settings, sai Notifications. Ka zaɓi hana shafuka aiko da sanarwa, sannan ka bi jerin waɗanda aka riga aka ba izini ɗaya bayan ɗaya. Ka toshe su da Block, kada ka tsaya kan Remove, domin shafin da aka cire kawai yana iya sake neman izini gobe, mai kwamfutar kuma ya sake dannawa. Edge da Firefox ma suna da irin wannan wuri.

Bayan nan ka koma saitin Windows, sashen System, sai Notifications, inda za ka ga kowace manhaja da makunninta. A nan ne ake nuna gwaninta, domin kowace tana da zaɓi daban-daban: ta leƙo a allo, ta yi ƙara, ko ta ajiye saƙonta shiru a ma'ajiyar sanarwa. Ga imel da WhatsApp, ka cire leƙowa da ƙara, ka bar ajiyewa, sai ka riƙa dubawa da kanka idan ka kai ƙarshen shafi ko babi, ta hanyar danna maɓallin Windows tare da A a Windows 10, ko tare da N a Windows 11. Ka kashe shawarwari da tallace-tallacen da Windows ke kawowa da kanta. Amma sanarwar Windows Security da ta sabuntawa da ta firinta, ka bar su yadda suke, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa na hana ka taɓa babban makunnin da ke sama, wanda ke kashe sanarwa baki ɗaya. Yawancin kwamfutocin hannu da ake kawo mana Windows 10 ce a kansu, wadda Microsoft ta daina ba ta tallafin yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka rufe bakin mai gargaɗi a irin wannan na'ura sakaci ne.

Idan aikin na buƙatar natsuwa sosai, kamar cike wa mutum fom na jarrabawa inda harafi ɗaya a suna zai iya jawo masa wahala, ka kunna Focus Assist, wanda ya zo a Windows 10 a 2018, aka kuma mayar da shi Do Not Disturb a Windows 11 a 2022. Ba ya zubar da saƙo, yana riƙe shi ne har ka gama, kuma kana iya sa masa lokacin da zai riƙa kunna kansa, ko ya kunnu duk sa'ar da aka haɗa kwamfuta da majigi.

Akwai kuma batun amana. Idan kwamfutar ta wani ce, kada ka kashe masa komai sai ka tambaye shi abin da yake jira, domin ɗan kasuwa yana iya dogara da saƙon da kai kake ganin hayaniya ne. Kuma da zarar ka kunna ta a kan teburinmu, ka fara da Do Not Disturb, don kada saƙon iyalinsa ya bayyana a gaban mutanen da ke zaune a shago. In ya riga ya bayyana, ka kawar da kai, kuma kada maganar ta fita daga bakinka.

Gobe in Allah ya kai mu, ka fara da kwamfutar da muke buga takardu da ita, ka nuna mini jerin shafukan da ka toshe da manhajojin da ka bari, kafin in ba ka ta mai kawo gyara.