Ku Tambaya, Malamai Su Amsa: Faransanci Na Leƙowa Cikin Ingilishina

Wasiƙun wannan karon duk daga Damagaram suka zo, kuma duk a kan Ingilishi. Ba abin mamaki ba ne. Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ɗalibai suka daina kallon Ingilishi a matsayin darasin cike maki. Malamanmu na Ingilishi ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malamai. Ni ɗalibar jami'a ce, kuma na kammala ajin Ingilishi na waɗanda suka yi nisa. Tun ajin farko na sakandare nake karanta harshen, na haddace fi'ilai, na tara kalmomi. Amma duk takardar da na rubuta sai ta dawo jajir da biro, malaminmu ya ce Faransanci ne sanye da rigar Ingilishi. Abin da na fahimta a ajin shi ne tarin kalmomi daban, iya harshe daban. To ta ina zan fara gyara? — Ɗalibarku daga unguwar Birni

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Kin fahimci abin da ya kamata. Harsuna uku ne a kanki, kuma kowane kuskure da mai shi. Kafin ki gyara, gano wanda ya jawo shi.

Ɗauko takardunki uku na ƙarshe da aka gyara. Sami sabon kaye, wato littafin rubutu, ki raba kowane shafi gida huɗu: abin da kika rubuta, gyaran malam, harshen da ya jawo kuskuren, sai sabuwar jimla taki ta kanki a kan daidai. Gida na huɗu shi ɗalibai ke tsallakewa, alhali shi ke sa gyaran ya zauna. In kin gama za ki ga kurakuran ba su da yawa, iri biyar ne ko shida ke ta maimaita kansu.

Mafi yawansu na lokacin aiki ne. Faransanci na cewa "je suis ici depuis 2022", Hausa na cewa "ina nan tun 2022", su biyun sai su tura ki ga "I am here since 2022". Ingilishi ba ya karɓar wannan. Abin da ya faro a baya yake kuma ci gaba, "I have been here since 2022" ake cewa. "Since" na tafiya da ranar farawa, "for" da tsawon lokacin: "for three years". Akwai kuma kishiyarsa. Saboda "j'ai vu" ya yi kama da "I have seen", sai ɗalibi ya rubuta "I have seen him yesterday". Da zarar jimla ta ambaci lokacin da ya wuce ya ƙare, irin "yesterday", "last year", "in 2020" ko "two days ago", to "I saw him" ne, babu "have".

Sai kalmomin da suka yi kama a ido amma ma'ana ta raba hanya. "Actually" ba yanzu ba ne, "a gaskiya" ne, yanzu "currently". "Library" ɗakin karatu ne, shagon littattafai "bookshop". Halartar taro "attend" ne, "assist" taimakawa. Mafi haɗari shi ne "demand": ɗalibi ya rubuta wa shugaban sashe "I demand a transcript" da nufin roƙo, alhali a kunnen mai karatu tilastawa ce. "I would like to request" ake so. Haka "information", "advice", "research", "equipment" da "furniture" ba sa ɗaukar "s" ko da Faransanci ya ba su jam'i.

Ga abin da ba a cika faɗa wa ɗalibanmu ba: a wurare da dama Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, amma an saba musu bi ta Faransanci. Dubi "his" da "her". Faransanci na duban abin da aka mallaka, shi ya sa "sa mère" ke zama "her mother" a takardar ɗalibi ko da namiji ake nufi. Hausa kuwa mai abin take duba, mahaifiyarsa ko mahaifiyarta, daidai da Ingilishi. Haka "nakan sha shayi" da "ina shan shayi yanzu": ga "I drink tea", ga "I am drinking tea". Faransanci "je bois" kawai gare shi a duka biyun. Sai dai a yi hattara, "ina da mota" ba "I am having a car" ba ne, "ina so" ba "I am wanting" ba ne. Fi'ilai irin "know", "want", "own", "believe" da "understand" ba sa ɗaukar "ing" a wannan ma'anar.

Amma muna zaton jan biron da ya fi yawa ba a kan nahawu yake ba, a kan tsarin rubutun yake. A lise, wato babbar sakandare, an horar da ke kan tsarin Faransa: a shigo da batu daga nesa, a jefa tambaya, a sanar da sassan da za a bi, a kawo ra'ayi, a kawo kishiyarsa, a sulhunta, a rufe da wata sabuwar tambaya. Matsayar marubuci sai can ƙarshe take fitowa, wani lokaci ma ba ta fitowa. Tsari ne mai kyau a gidansa. Mai gyaran Ingilishi kuwa yana neman matsayarki a ƙarshen sakin layi na farko, cikin jimla ɗaya da wani zai iya musantawa. In bai gan ta ba, sai ya ɗauka ba ki da abin faɗi.

A ce an tambaye ki ko ya dace a fara koyar da yara da harshen uwa. Kada ki buɗe da "Since the dawn of time, language has been important", wannan bai ce komai ba. Kada kuma ki rubuta "First we will see, then we will examine". Ki ce: "Children should learn to read in their mother tongue first, because they understand the teacher from the first day and their parents can follow their work." Kin ɗauki matsaya, kin kuma ba da dalilai biyu. Kowane dalili ya sami sakin layinsa, jimlar farko ta faɗi dalilin, biyu ko uku su bayyana shi, ɗaya ta kawo misali na zahiri, kamar yaron da ya shiga aji bai taɓa jin Faransanci a gida ba. Ra'ayin masu adawa ya sami sakin layi ɗaya, ki amsa shi nan take. Rufewa kada ta kawo sabon batu.

Rage tsawon jimla. In ta haura kalma 25, nemi inda za ki sa aya. Sannan ƙananan abubuwan da ke tona asirin wanda ya yi lakwal ɗin Faransanci: Ingilishi ba ya barin fili kafin alamar tambaya ko ɗigo biyu, sunayen ranaku da watanni da harsuna da babban baƙi suke farawa, biyu da rabi kuma 2.5 ake rubutawa, ba 2,5 ba.

Tambaya: Malamai barkanku da aiki. In na karanta rubutun Ingilishi ina ganewa sosai, amma in na kunna rediyo sai maganar ta wuce ni. In na yi magana kuma sai a ce in maimaita. Ina yawan zuwa Kano, can ana gane ni. Laifin kunnena ne ko na bakina? — Ƙaninku daga Zango

Amsa: Ƙanenmu, matsalar ɗaya ce. Kalmar da ka ajiye a kanka da furucin da ba nata ba, ko an faɗe ta a gabanka ba za ka shaida ta ba.

Fara da nauyin gaɓa, domin ya fi kowane baƙi muhimmanci. Faransanci na kai nauyi ƙarshe, Ingilishi kuwa kowace kalma da gaɓar da ake dannawa, sauran a sassauta su har su kusa ɓacewa. Kalmomin da suka ƙare da "tion" ko "ity", gaɓar da ta zo kafin wannan ƙarshen ake dannawa: eduCAtion, inforMAtion, uniVERsity. Ka ce deVElop, ba develOP ba. Ƙananan kalmomi irin "of", "to", "for" da "and" ana haɗiye su cikin magana, shi ya sa "a cup of tea" ke zuwa kunnenka kamar kalma ɗaya. Ba sauri suke ba, kai ne kake jiran a furta kowace kalma yadda take a takarda.

Sai "p" da "f". Bahaushe da leɓɓa biyu yake yin "f" ɗinsa, sautin ya faɗa tsakanin "p" da "f". Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka. A "pan" leɓɓa su rufe ruf, su buɗe da bugun iska, takardar ta motsa. A "fan" haƙoran sama su hau leɓen ƙasa, iska ta zuba a hankali. Yi ta da "copy" da "coffee", "pull" da "full". Haƙoran nan a kan leɓe su ne kuma ke raba "vote" da "boat". Ga "think", kan harshe ya leƙo tsakanin haƙora, in ba haka ba "sink" ka ce.

Hausa ba ta son baƙaƙe su jeru ba wasali, dalilin da ya sa "bread" ya zama burodi a bakinmu. A Ingilishi dole a bar su a jere. Wurin da abin ya fi ɓaci shi ne "ed": ana ƙara gaɓa ne kawai in fi'ilin ya ƙare da sautin "t" ko "d", kamar "wanted" da "needed". "Walked" gaɓa ɗaya ce mai ƙarewa da "t", "played" gaɓa ɗaya mai ƙarewa da "d". Kada ka jefar da "h" yadda Faransanci ya koya maka. Kana da ita a Hausa, yi amfani da ita, ban da a "hour", "honest" da "honour". Kunnen da ke raba garin Damagaram da garin tuwo kuwa ba zai sha wahalar raba "live" da "leave" ba.

Aikin kullum minti 20 ne. Sauke shiri mai rubutaccen bayani daga sashen koyon Ingilishi na BBC ko na Muryar Amurka, sau ɗaya, don kada kuɗin intanet ya ƙare. Yanki minti ɗaya kawai. Saurara sau biyu ba ka duba rubutu ba, rubuta abin da ka ji, gwada da rubutun, ja layi inda ka rasa. Sannan ka bi mai maganar baki da baki sau biyar, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Sauraren kai ba daɗi, amma nan gyaran yake.

Ingilishin Kano kuwa ya isa ciniki da zumunci, ba abin rainawa ba ne. Ka dai sani "off the light" da "I'm coming" a lokacin da mutum ke fita ba sa shiga takardar jarrabawa.

Tambaya: Na gama digirin farko, ina neman tallafin karatu a waje, an ce sai da IELTS, jarrabawar auna iya Ingilishi. Wata uku sun isa shiri? — Mai karatu daga Garin Malam

Amsa: Ya danganta da inda kake. Ka fara da gwajin cikakkiyar tsohuwar jarrabawa da agogo a gabanka. In tazararka da makin da ake so rabin maki ce, wata uku sun isa. In maki ɗaya da rabi ce, kada ka zubar da kuɗin rajista tukuna.

Jarrabawar iri biyu ce, ta karatun jami'a ita ce "Academic". Maki daga 0 zuwa 9 ne, jami'o'i da yawa 6.5 suke nema a digiri na biyu, sakamakon kuma shekara 2 ake karɓarsa. Sauraro kimanin minti 30 ne, tambaya 40, sau ɗaya ake kunnawa. Karatu minti 60, tambaya 40. A kowannensu amsa 23 daidai na ba da kimanin maki 6, amsa 30 kuma maki 7. Ba a rage maki kan amsar da ba daidai ba, saboda haka kada ka bar gurbi. In an ce kada amsa ta wuce kalma biyu ka rubuta uku, ka rasa ta ko da ma'anar daidai ce. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne bambanta abin da rubutun ya ƙaryata da abin da bai ambata ba sam. Kada ka cike da saninka.

Rubutu minti 60 ne: bayanin zane ko jadawali aƙalla kalma 150, sai muƙala aƙalla kalma 250. Muƙalar ta ninka na farko nauyi, don haka ba ta minti 40. Masu faɗuwa su ne waɗanda suka ɓata rabin lokaci a kan zanen. Magana minti 11 zuwa 14 ce da mai jarrabawa, a ciki za a ba ka kati, minti ɗaya na shiri, ka yi magana har minti biyu. Haddatacciyar amsa ana gane ta nan da nan. Takardar shaidar da ka yi rajista da ita, ita za ka je da ita ranar jarrabawa.

Tambaya: Ƙamus na Faransanci da Ingilishi nake amfani da shi tun lise. In ci gaba? — Ɗalibi daga Mirriya

Amsa: Ajiye shi don fassara kawai, ɗanmu. A wannan matakin ƙamus na Ingilishi zalla na masu koyo kake buƙata, irin na Oxford ko Cambridge, duka biyun akwai su kyauta a intanet da furuci. In ka nemi kalma, duba abu uku bayan ma'ana: alamar nauyin gaɓa, harafin U ko C da ke nuna ko ana ƙirga ta, da kalmar da take tafiya da ita. Kada ka kwafi "decision" ita kaɗai a kaye, kwafi "make a decision". Haka "depend on", "interested in", da "discuss a problem" ba tare da "about" ba.