Yaya, ba bilicin ba ne, man rana ne

Yaya barka da yamma, ko da yake nasan ku yanzu dare ya yi a can. Ya jikin Inna, ya yaran? Saƙon muryarki sau uku na saurara ina ta dariya ni kaɗai a kicin, musamman inda kika ce hoton da na turo kamar mun faɗa buhun garin rogo ni da yaran gaba ɗaya, wai ke tsoronki kar dai a ce da girmana na shiga sahun masu shafe-shafe. To ki kwantar da hankalinki, ba bilicin ba ne, man kare fata daga rana ne, nan suna ce masa sanskirin, mu kuma a tsakaninmu man rana kawai muke cewa. Kuma tambayar da kika yi ta biyu, wai mu da muka taso a ranar Kano ta watan Afrilu muna zuwa islamiyya da silifas ɗin da ya huje, wace rana ce a Amurka za ta ba mu tsoro, wallahi ni ma abin da na yi ta faɗa kenan shekara da shekaru, har gori nake wa matan da suka riga ni zuwa ina cewa sun zama turawan dole.

Bari in fara gaya miki yadda tafiyar take, dan sai kin gane wannan za ki gane sauran. Mu nan Niyok makarantu suna rufewa ƙarshen watan Yuni sai farkon Satumba a koma, to duk mai son kai yara hutu a tsakanin nan zai kai su, wato daidai lokacin da jihar Fulorida, inda muke zuwa hutun, take tafasa. Mukan haɗu gida uku ko huɗu, mu da wasu 'yan zangon Gana da maƙwabtanmu 'yan Nijar, a yi karo-karo a kama gida guda mai ɗakuna da yawa a Kisimi kusa da Olando, ya fi otal sauƙi kuma ka dafa shinkafarka da kanka. A jirgi bai cika awa uku ba, masu ƙarfin hali kuma su tuƙa mota kusan kwana guda a hanya. Wurin wasan da yara suka fi nacin zuwa shi ne Disney World, tun 1971 aka buɗe shi, kuma kar ki ɗauka irin filin lilon da muke zuwa da sallah ne, gari ne guda, manyan filaye huɗu ne a ciki banda na wasan ruwa, ga kuma Universal can gefe da nasa. Tikitin mutum ɗaya na yini ɗaya ya haura dala 100. Ki riƙe wannan kuɗin a ranki, dan shi ne tushen maganar.

Kinga a gida rana ta fi ta nan zafi, wannan ba musu, amma ki tuna tsakani da Allah waye yake tsayawa a cikinta da gangan? In rana ta take kowa neman inuwa yake, maza suna zaure ko gindin darbejiya, mata suna rumfa, ɗan kasuwa ya kafa lema, manomi ya yi sammako ya tashi kafin ta ƙwalle, wanda dole ta sa ya tsaya kuma ga malfa a kansa. Inna ma in kin tuna korar mu take mu shiga ɗaki da azahar. To a filin wasan nan duk wannan hikimar sai ka ajiye ta a bakin ƙofa, tunda ka biya kuɗin nan ba za ka yarda ka je ka kwanta ba, tun tara na safe kana kan siminti da kwalta har dare, layin lilo ɗaya sai ka yi awa guda ana matsawa kaɗan kaɗan, wani layin da rufi wani babu, simintin yana maido maka da hasken ta ƙasa, ruwa ma haka, kuma jikin da ke wannan tsayuwar jiki ne da ya yi wata biyar a dunƙule cikin rigar sanyi bai ga rana ba. Zafin ma'auni bai wuce 33 ko 34 ba, bai kai na Kano ba, amma irin na Legas ne mai danshi, gumi ba ya bushewa, sai dai ya yi ta tsiyaya.

Ni abin da ya karya min gardama auta ce. Kinsan tun tana jaririya take fama da fatarta, abin nan da likitocin nan ke ce wa egzima, bayan gwiwa da lanƙwasar hannu su bushe su yi ta ƙaiƙayi, sabulu mai ƙamshi ma ba ta sha da shi. Zuwanmu na farko muka kai su wani wurin wasan ruwa, ranar kuma hadari ne a sama, rana ta leƙo ta ɓuya, sai na ce yau an huta, na shafa mata basilin ɗinta kamar kullum muka fita. Ashe gajimare ba ya tare abin da ke ƙona fatar, yawancinsa ratsowa yake. Da dare yarinya ta ƙi kwanciya, kafaɗunta da ƙeyarta zafi rau kamar an ɗora dutsen guga, riga ma ba ta so ta taɓa ta, nan fa ido ya raina fata. Kuma abin da ya ruɗe ni babu jan da ake gani a jikin turawa, mu namu ba ya nunawa haka, sai dai wurin ya ƙara duhu ya yi tauri, bayan kwana huɗu ya fara saɓa kamar maciji. Har tsagar kitsonta sai da ta ƙone Yaya, layi layi a ka, na ɗauka amosani ne ashe fatar kan ce ke ɓarewa. Ciwon ya warke cikin sati amma tabon, hmm, ya fi wata shida kafin kafaɗar ta koma kala ɗaya.

Wannan tabon shi ne ainihin matsalarmu mu baƙaƙe. Likitar yaran ce ta zaunar da ni ta min bayani, baƙar fata tana da kariyarta da Allah ya hore mata, shi ya sa ba ma saurin ƙonewa kuma kansar fata ba ta yawa a cikinmu kamar farare, amma kariyar ba ta kai ta yini guda a tsaye ba, kuma duk inda fatarmu ta ji ciwo, ƙurji ne ko susa ko ƙuna, baƙi take barin wurin, rana kuma ta ƙara dafa shi. Ni kaina baƙin nan da ya fito min a kumatu tun cikin auta, duk bazara sai ya ƙara fitowa. Mu masu hijabi har wani abin dariya ke samun mu, ka dawo hutu ka cire hijabi ka ga an zana maka ƙwai a fuska, tsakiya baƙi gefe haske, sai ka yi wata biyu kana yawo da zanen hijabinka.

Farin da kika gani a hoton kuma dalilinsa daban. Man ranar iri biyu ne. Akwai wanda fata ke shanyewa ba a ganin sa, mai kyau ne ga wanda jikinsa ya karɓa, amma auta yana sa ta raɗaɗi, in gumi ya kwaso shi ya shiga ido kuwa sai kuka. Akwai kuma wanda ake yi da sinadarin zinc oxide ko titanium dioxide, shi zama yake a saman fata, bai cika tayar da ƙaiƙayi ba shi ya sa ake ba jarirai da masu laushin fata, illarsa ɗaya, a jikin baƙi sai ka fito fururu kamar ɗan tashe. Akwai mai ɗan launin ƙasa-ƙasa da ke sajewa da fata, shi nake sawa a fuskata, har an ce ya fi taimaka wa masu tabo irin nawa, amma tsada gare shi ba zan iya yi wa yara huɗu wanka da shi ba, su dai su yi haƙuri da garin rogon. Abin da nake dubawa a jikin kwalba kaɗan ne, lambar SPF, wato ma'aunin ƙarfin kariyar man, ta kai 30 ko sama, a rubuta yana tare nau'i biyun nan na hasken rana masu cutar da fata, UVA da UVB, kuma babu turare a ciki. Kar lamba ta ruɗe ki, 30 tana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙonawa, 50 kuma kusan 98, bambancin ba wani mai yawa ba ne, inda ake faɗuwa shi ne shafa ɗan kaɗan dan kar ya ƙare, da mantawa a sake. Babban mutum jikinsa na cin kusan cokali biyu na cin abinci a shafawa ɗaya, a shafa kamar minti 15 kafin a fita, a sake duk bayan awa biyu, in an shiga ruwa kuma kwalbar da kanta za ta gaya maka minti 40 take jurewa ko 80. Sabon mai kuma ba na fara gwada shi a can, tun a gida nake ɗiga mata a cikin hannu in bari kwana biyu in gani.

Kin tambayi man kaɗe, wai ba shi kakanninmu suka shafa ba. Ina da shi Yaya, wanda kika aiko min ma bai ƙare ba, da dare bayan wanka shi nake mulka musu dan fatar ta yi laushi. Amma ba ya tare rana yadda za a dogara da shi, basilin ma haka.

Sai maganar alwala, wadda turawa ba su da ita a lissafinsu. Duk alwala wanke man take daga fuska da hannu da ƙafa, wato daidai wuraren da rana ke samu, kuma lokacin azahar ne rana take kan ganiyarta. To mu abin da muka saba, kwalba ɗaya tana jakar dadduma, an idar da sallah a sake shafawa kowa da kowa, har ya zama sallah ce agogonmu. Wasu suna haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ne, mu nemi lungu mai inuwa mu shimfiɗa. Daga nan har wajen ƙarfe huɗu ba na yarda a shiga layin da ba rufi, sai wasannin cikin ɗaki masu na'urar sanyi, ko a zauna a ci abinci, wuraren sayar da abincin ma in ka roƙi ruwan ƙanƙara a kofi kyauta suke bayarwa, akwai kuma ɗakin kula da jarirai mai sanyi da ɗakin agajin gaggawa a kowane fili. Sau da yawa ma ruwan sama ne ke raba gardamar, dan a watannin nan kusan kullum da yamma sai an yi tsawa an zuba. Abban su ne dai mai cewa a tashi kuɗi na tafiya, ni kuwa in ce kuɗin ai sun riga sun tafi.

A gaskiya mu mata suturarmu ta rage mana rabin aiki, doguwar riga mai dogon hannu da hijabi, abin da ya rage fuska ce da bayan hannu da saman ƙafa in an sa takalmi buɗaɗɗe. Sai dai yadin ya zama mai sauƙi kuma saƙarsa a matse, dan mayafi shara-shara da kana ɗagawa kana hango fitila ta ciki rana ma ratsa shi take. Mazan ne abin tausayi, a yi wa yaro aski tal ana gobe tafiya dan ya yi kyau a hoto, a manta da hula, kunne da ƙeya da tsakar ka su sha wuta. Jariri da bai kai wata shida ba kuwa ba a ma son a shafa masa, inuwa da sutura kawai, ni da za a bi shawarata ma kar a kai shi.

Waɗanda na fi ji wa tsoro baƙinmu ne masu zuwa daga gida. Wata ta zo mana hutu shekarun baya, ba sai na faɗi ko wace ce ba, ta daɗe tana shafa mayukan nan na ƙara haske har jijiyoyin hannunta sun fito kore, irin fatar nan ta riga ta yi siriri ba ta da sauran kariya, yini ɗaya ta yi a fili fuskarta ta yi jawur ta kumbura, sauran kwanakin a gida ta ƙare su tana jiran mu. Haka mai shan wasu magunguna, irin doxycycline da ake ba mutane na ƙurajen fuska, yana sa rana ta kama mutum da wuri, da masu goga lemon tsami a fuska su fita, shi ma yana iya barin tabo kamar ƙuna. Duk wanda zai zo yanzu sai na tambaye shi me yake sha me yake shafawa, ko ya ji haushi.

Kuma tun da abin auta ya faru nake tuna yaron nan zabiya na bayan layinmu, yadda leɓensa ke fashewa wuyansa duk ƙuraje, muna yara muna ganin haka halittarsa take, ashe rana ce ke cin sa, su da ba su da kariyar ko kaɗan kuma kansar fata ta fi kama su. Dan Allah in har yanzu suna unguwar ki tambayi mamansa ko yana samun man, in babu zan haɗo da kwalba uku cikin saƙon Inna, masu lamba 50, sai ki nuna mata yadda ake shafawa har kunne da bayan wuya.

Ke kuma in kin shiga Kurmi ki samo min malfa guda shida, biyu manya huɗu na yara, masu faɗin baki sosai irin na Fulani, a sa musu igiyar ɗaurewa a haɓa dan iskar lilo tana fizge hula. Na nan wata 'yar ƙarama da ba ta rufe ko kunne sai su ce dala 30.